Mai Tsohuwar Mota a Gaban Alƙali

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana masu riƙon tsofaffin motoci, wato mutanen da suke ajiye motar da ta girmi 'ya'yansu, wani lokaci ma ta girme su su kansu, suna tattalinta saboda ƙauna da tarihi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata takardar tara da aka rubuta mini a kan hanya, wadda ta kai ni gaban alƙali, kuma na fito daga kotun da wani darasi da nake ganin bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba.

Motata Peugeot 404 ce ƙirar 1964, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Giyarta a jikin sitiyari take, kujerarta ta gaba mai faɗi ce, kuma ba ta zo daga kamfani da bel ɗin ɗaure jiki ba, domin a shekarar da aka ƙera ta dokar ƙasar da ta fito ba ta tilasta wa masu ƙera motoci sanya shi ba. Ba na zuwa aiki da ita. Nakan fito da ita sau biyu ko uku a wata don inji ya motsa, mai ya zagaya, tayoyi kada su taurare a wuri guda. A ɗaya daga cikin irin waɗannan fitowa ne wani jami'in kula da hanya ya tsayar da ni, ya zagaya motar yana yaba ta da gaske, har ya tambaye ni shekarunta, sannan ya rubuta mini laifi biyu a takarda ɗaya: gudun da ya wuce ƙa'ida, da tuƙi ba tare da ɗaura bel ba. Na'urarsa ta nuna ina tafiyar kilomita 91 a sa'a a inda doka ta tsaya a 80, ni kuwa na rantse a raina cewa allurar malejina ba ta wuce 80 ba sai da ɗan kaɗan.

Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne in je in biya in huta, kuma shawarar da yawancin abokaina suka ba ni ke nan. Sai da na zauna na karanta takardar gaba da baya na fahimci cewa biyan tarar daidai yake da amsa laifin duka biyun, kuma a ƙasashe da yawa haka tsarin yake: da zarar kuɗi sun shiga, an rufe magana, laifin ya hau kan tarihin tuƙin mutum, inda ake tara makin laifi a kan lasisi kuma a ƙara masa maki. Wannan ya fi shafar mai tsohuwar mota fiye da sauran direbobi, domin inshorar musamman da ake yi wa irin waɗannan motoci takan yi sauƙi ne bisa sharaɗin cewa mai motar yana da tarihin tuƙi mai tsabta kuma ba ya yawan tafiya da ita. Tarar da mutum ya biya don gudun ɓata rana guda tana iya bin sa shekaru tana cin aljihunsa ta wata ƙofar. Saboda haka na duba wa'adin da aka rubuta, na je kafin ya cika, na sanar cewa ina so a saurare ni. Wanda ya bar wa'adin nan ya wuce, ko da gaskiyarsa ta kai girman dutse, ya riga ya jefa kansa a wata matsalar da ta fi ta farko, domin ana iya yanke hukunci a bayan idonsa, a ninka tarar, ko a dakatar da lasisinsa.

A nan ne nake so 'yan'uwana su saurare ni da kyau. Tsufan mota yana amfani a kotu a wuri ɗaya kawai, shi ne inda tuhumar ta shafi abin da motar ba ta zo da shi ba tun daga kamfani. Inda tuhumar ta shafi abin da direba ya yi da ƙafarsa da hannunsa, shekarun mota ba sa wanke kowa. Laifuffukana biyu sun faɗo ɗaya a wannan ɓangare, ɗaya a wancan, kuma sai da na raba su a kaina kafin na san abin da zan faɗa.

Batun bel shi ne wanda nake da hujja a kansa, kuma hujjar tana cikin tarihin dokar kanta. Bel mai maɗauri uku da muka sani a yau, wanda yake bi ta kafaɗa da ƙugu, injiniyan kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya fito da shi a 1959, amma an ɗauki shekaru kafin gwamnatoci su mayar da shi tilas. A Amurka sai daga 1 ga Janairu 1968 dokar tarayya ta wajabta sanya bel a sababbin motoci. A Faransa, inda motata ta fito, an fara tilasta ɗaura shi a kujerun gaba a 1973, a Birtaniya kuwa sai a 1983. Ƙa'idar da ƙasashe da dama suke bi ita ce ana auna mota da dokar ƙira ta zamanin da aka yi ta, ba a komawa baya a tilasta wa tsohuwa abin da aka ƙirƙiro bayan haihuwarta. A Birtaniya, alal misali, motar da aka ƙera ba tare da bel ba doka ba ta tilasta a sanya mata shi, sai dai an gindaya sharaɗi mai tsauri: ba a ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 3 a cikinta, yaran da suka wuce haka kuma sai a kujerar baya. Kuma idan mai motar ya riga ya sanya bel da kansa, ɗaura shi ya zama dole, ba zai zauna a kansa ya ce motarsa tsohuwa ce ba. Kowace ƙasa da irin tanadinta, don haka aikin farko na wanda aka tuhuma shi ne ya nemo ainihin sashen dokar da aka rubuta a takardarsa, ya karanta shi da idonsa, ya ga ko akwai togaciya ga motocin da aka ƙera kafin wata shekara. Na yi hakan, kuma na samu togaciyar a rubuce, a ƙaramin sakin layi da ba na zaton jami'in da ya tsayar da ni ya taɓa samun dalilin karanta shi, tunda a wata guda da wuya ya haɗu da mota irin tawa sau ɗaya.

Sanin doka rabin aiki ne, sauran rabin shi ne tabbatar wa alƙali cewa motar ta faɗa cikin togaciyar. Alƙali ba zai fito ya leƙa motar ba, kuma maganar baki cewa «ai kowa ya gan ta ya san tsohuwa ce» ba shaida ba ce. Na tattara takardar rajistar motar, na ɗauki hoton farantin da ke ɗauke da lambar shasi, na ɗauki hoton ginshiƙin ƙofa da ƙasan motar inda ya kamata a ga wurin ɗaure bel da a ce akwai shi, sannan na samo tsohon littafin motar da mahaifina ya ajiye a cikin wata jaka, ganyensa sun yi ja saboda daɗewa, da rubutun hannunsa a bangon ciki inda yake lissafa ranakun canjin baƙin mai. Na buga komai kwafi uku, ɗaya na kotu, ɗaya na mai gabatar da ƙara, ɗaya nawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma na ga gaskiyar wannan a zauren jiran kotun, inda wani bawan Allah yake ta lalube a wayarsa yana neman hoton da zai nuna, har aka kira sunansa bai same shi ba.

Batun gudu kuwa ya fi ba ni wahala, domin na je ne da yaƙinin cewa na'urar jami'in ce ta yi kuskure. Kafin ranar zama na kai motar wurin bakaniken da ya san irin waɗannan motoci, muka hau miƙaƙƙiyar hanya, shi yana riƙe da waya mai auna gudu ta tauraron ɗan'adam, ni ina kallon allura. Da allurata ta tsaya a 80, wayarsa tana nuna 88 zuwa 89. Na ji kunya ƙwarai, domin shekaru ina tuƙi da malejin da yake yi mini ƙarya ban sani ba.

Dalilin yana da kyau kowane mai tsohuwar mota ya san shi. Malejin irin waɗannan motoci ba na lantarki ba ne. Wata waya ce mai juyawa take tasowa daga giyabos ta zo bayan agogon, tana juya wani ɗan maganaɗisu, shi kuma yana jan wani faifan ƙarfe mara nauyi da allurar take maƙale a jikinsa, sannan wani siririn sifirin yana riƙe allurar kada ta wuce gona da iri. Idan shekaru suka ja, maganaɗisun yakan rage ƙarfi, sai allurar ta riƙa nuna ƙasa da gudun gaskiya. Idan kuma sifirin ne ya saki, sai ta riƙa nuna sama da shi. Ga kuma batun taya, wanda shi ne laifina kai tsaye: da na rasa girman tayar da motar ta zo da ita, na sanya wadda ta ɗan fi ta tsayi, kuma taya mai tsayi tana cin ƙasa mai yawa a kowane juyi, alhali malejin juyi kawai yake ƙirgawa, bai san an canza masa taya ba. Ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara wa masu ƙera motoci, wadda Turai da wasu ƙasashe suke bi, ta hana maleji ya nuna ƙasa da gudun gaskiya ko kaɗan, ta kuma yarda ya nuna sama da shi da abin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4 ba. Shi ya sa direban sabuwar mota da ya tsaya a kan allura yake cikin aminci, mu kuwa ba mu da wannan kariya. Masu motocin da aka shigo da su daga Amurka ko Birtaniya suna da ƙarin tarko, domin malejinsu da mil yake lissafi, kuma mil 60 ya haura kilomita 96.

Na yi tunanin in je kotu in ce malejina ne ya yaudare ni, don haka ba ni da laifi. Wani lauya da na nemi shawararsa ya hana ni, ya bayyana mini cewa gudun wuce ƙa'ida yana cikin laifuffukan da a mafi yawan dokoki ba a duba niyyar mai yin su, abin da ake tambaya kawai shi ne motar ta yi gudun ko ba ta yi ba, kuma kula da lafiyar maleji nauyi ne da ke kan mai mota. Wanda ya shiga kotu yana kare kansa da lalataccen maleji ya amsa laifin gudu da bakinsa, ya kuma ƙara tona cewa ya fito da motar da ba ta cika lafiya ba. Amfanin wannan bayani yana wurin neman sassauci, kuma shi ma sai an haɗa shi da shaidar cewa an riga an gyara. Ban musa cewa mutum yana da 'yancin tambayar ingancin na'urar jami'i ba, domin na'urar rada tana buƙatar a riƙa gwada ta ana daidaita ta lokaci bayan lokaci, kuma wanda yake da dalilin shakka yana iya neman a nuna takardar gwajinta na ƙarshe, ya kuma tambayi jami'in ko akwai wasu motoci kusa da tasa a lokacin da aka auna. Amma ni na riga na san amsar, kuma bai dace in ɓata wa kotu lokaci ina neman kuskuren da na san a wurina yake ba. Na sa aka ciro malejin aka gyara, aka sake gwada shi, bakaniken ya rubuta mini abin da ya samu da abin da ya yi, ya sa hannu da kwanan wata.

Ranar zama na isa da wuri, na zauna na kalli shari'u kusan goma kafin tawa, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, domin a nan ne mutum yake gane irin maganar da alƙalin yake saurara da wadda take gundurarsa. Da aka kira ni aka karanta tuhuma, na ce: «Ya Mai Shari'a, tuhumar gudu na amsa ta, kuma ina roƙon a ba ni dama in yi bayani kafin hukunci. Tuhumar bel kuwa ban amsa ba, ga dalilina a rubuce.» Na miƙa takardun ta hannun magatakarda. Alƙalin ya daɗe yana duba hoton lambar shasi yana gwada shi da takardar rajista, ya buɗe sashen dokar da na ambata ya karanta da kansa, sannan ya tambayi mai gabatar da ƙara ko yana da ja. Bai ja ba, aka soke wannan tuhuma. A kan gudu ya yi mini tambaya ɗaya wadda har yau take yi mini yawo a kai: tun yaushe rabon da in gwada malejin? Na ce masa gaskiya, kafin a rubuta mini tarar nan ban taɓa gwada shi ba tun da motar ta dawo hannuna. Ya duba takardar gyaran, ya rage tarar, ya kuma ce da ni mota mai birkin zamanin da ta fi kowace buƙatar direban da ya san ainihin gudun da yake yi. Duk zaman bai kai minti goma sha biyar ba.

Akwai abin da na shirya faɗa amma na haɗiye, kuma na gode Allah da na haɗiye shi. Na so in ba da labarin mahaifina, da shekarun da na yi ina neman kayan gyara, da yadda mutane suke tsayawa su ɗauki hoto da motar. Mu masu tsofaffin motoci muna da wannan rauni, muna zaton ƙaunar da muke yi wa motar za ta ratsa zuciyar kowa, har ta zama mana uzuri. Alƙalin da yake da shari'u masu yawa a gabansa yana neman abu uku ne: me doka ta ce, me ya faru, ina shaida. Labarin gado ba ya amsa ko ɗaya daga ciki, kuma yana iya sa a ɗauka mutum yana neman a fifita shi a kan mai ƙaramar motar haya da aka ci tara kafinsa.

Ina so in ƙara jan kunne a kan rangwamen da wasu ƙasashe suke yi wa motocin tarihi, domin shi ma yana kai mutane kotu. Ƙungiyar masu motocin tarihi ta duniya, wato FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta bayyana motar tarihi da cewa ita ce wadda ta kai shekara 30, aka adana ta a kamanninta na asali, kuma ba a amfani da ita a zirga-zirgar yau da kullum. Jamus tana ba irin waɗannan motoci lamba mai harafin H a ƙarshe tun 1997, wadda take ba su damar shiga unguwannin da aka hana motoci masu hayaƙi. Birtaniya ta ɗauke wa motocin da suka haura shekara 40 gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, matuƙar ba a yi musu babban sauyi ba a cikin shekaru 30 da suka wuce, amma ta bar wa mai motar nauyin tabbatar da cewa tana da lafiyar hawa titi. A Amurka jihohi da dama suna ba da lambar tsohuwar mota bisa sharaɗin cewa za a fita da ita ne zuwa baje koli, ko jerin gwano, ko gwaji bayan gyara, da makamantansu. Kowane rangwame yana tafe da igiyarsa. Wanda ya karɓi lambar tarihi yana zuwa aiki da motar kullum, ko ya cire injin asali ya dasa na zamani mai ƙarfi ya ci gaba da fakewa da shekarar ƙira, ranar da ya tsaya gaban alƙali takardun da ya kawo don kare kansa su ne za su ba da shaida a kansa. Haka nan tsufa ba ya halatta fitilar birki da ta mutu, ko tayar da ta tsattsage saboda daɗewa ko da zanenta bai cinye ba, ko salansar da ta fashe tana damun jama'a. Doka tana yafe abin da kamfani bai sanya ba, amma abin da ya sanya dole ya kasance yana aiki.

Ga jami'an kula da hanya kuma ina da roƙo, cikin girmamawa ga aikinsu mai wahala a rana da ruwa. Zai yi kyau a riƙa koya musu waɗannan togaciya, ko a ba su taƙaitaccen jadawali na shekarun da aka wajabta kowane kayan kariya, domin tuhuma irin tawa ta bel ta ci lokacin alƙali da magatakarda da mai gabatar da ƙara a kan abin da minti biyu na duba takarda a bakin hanya zai warware. Jami'in da ya tsayar da ni bai zalunce ni ba, ya rubuta abin da idonsa ya gani, kuma a kan gudu shi ne mai gaskiya.

Mako biyu bayan shari'ar na mayar da motar gareji na sa aka ƙarfafa ginshiƙan ƙofa da faranti na ƙarfe aka sanya mata bel mai maɗauri uku a kujerun gaba, duk da cewa kotu ta tabbatar doka ba ta tilasta mini ba. Na yi hakan ne saboda lokacin da nake ɗaukar hotunan shaida na zauna a mazaunin direba na kalli sitiyarin ƙarfen nan da ke daidai ƙirjina, na tuna cewa shekaru ina tafiyar kilomita 89 ina zaton 80 nake yi, kuma sau da yawa ɗana yana zaune a gefena. Wasu abokaina sun ce na ɓata asalin motar. Yanzu a aljihun gaban motar akwai wata jakar leda mai ɗauke da kwafin rajista, da hoton lambar shasi, da takardar gwajin maleji, kuma na sa wa kaina ranar sake gwada shi duk lokacin da na canza taya.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai riƙon tsohuwar mota